Yadda ake fitar da girman bututun AC kafin a yanka kwano

Yawancin masu haɗa AC na cikin silin, irin na hol da ofis da manyan gidaje, sai su leƙa sama su ga ɗan wurin da mai POP ya bari su ce a lanƙwasa bututu daidai nan. Shi ya sa za ka ga inji sabo fil amma ɗakin ƙarshe ba sanyi, na kusa da injin kuma sai ƙugi yake. Alhali lissafin ko da kalkuletan waya ka gama shi.

Fara da yawan iskar da injin ke buƙata, ana auna ta da CFM, wato ƙafa kubik nawa ke wucewa a minti ɗaya. Tan ɗaya na sanyi BTU 12,000 ne a awa (BTU ma'aunin zafin da inji ke cirewa ne), kusan abin da 'yan kasuwa ke ce wa 1.5HP, kuma kowane tan ana ba shi CFM 400. A busasshen wuri irin Kano ko Damagaram za ka iya kai shi 450, inda iska ke da laima irin Legas a sauko 350. Mu ɗauka injinka tan 3 ne, kenan CFM 1,200.

Sai gudun iskar. A babban bututu na gida kar ya wuce ƙafa 700 zuwa 900 a minti, a rassa 600 ya isa, in ka haura haka ƙara za ta hana mutane barci. Raba CFM da gudun: 1,200 a raba da 800 ya ba ka 1.5, wato girman bakin bututun a murabba'in ƙafa, ka ninka da 144 don ya koma murabba'in inci, 216 kenan, to bututu mai inci 12 da 18 ya yi daidai. In silin ya matse za ka iya yin 9 da 24, amma fa duk yadda ka baje shi iska na ƙara gogar kwano, kar faɗin ya wuce ninki huɗu na tsayin ko me mai gida zai ce.

Ɗakuna kuma kowa da rabonsa gwargwadon zafinsa, ba a raba daidai wa daida. Ɗakin da ke buƙatar BTU 6,000 cikin 36,000 na injin tan 3 kashi ɗaya cikin shida ne, CFM 200, a gudun 600 ya kama zagayayyen bututu inci 8. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma ko yake ƙarƙashin rufin kwano kai tsaye a ƙara masa, rana ta fi dukansa.

Inda aka fi kwafsawa shi ne hanyar dawowar iska. Duk 1,200 ɗin da ka tura sai ta dawo wa injin, don haka bututun dawowa ya fi na turawa girma, in ya ƙanƙance sai ka ga ƙanƙara ta rufe kwayil, wato ɓangaren injin da ke sanyaya iska, kana ta zargin gas. A bar wa filta wuri mai faɗi da hannu zai kai, ƙurar hunturu ba ta da wasa.

Kowace kwana a jikin bututu tana cin ƙarfin fanka, a rage su, wadda ta zama dole a yi mata lanƙwasa mai laushi. Bututun roba mai tattara kuwa a ja shi ya miƙe tsaf, gajere, a ƙara wa faɗinsa inci ɗaya ko biyu. Sannan a toshe mahaɗa a naɗe bututun turawa gaba ɗaya da abin tare zafi, in ba haka ba da damina zai yi ta zufa yana ɗiga kan POP.