Yadda ake shan maganin ciwon damuwa ba tare da an cutu ba

Maganin ciwon damuwa yana da nawa wajen fara aiki. Sai an yi mako 2 zuwa 4 ana sha kafin a ji sauƙi, wani ma har mako 6. Mutane da yawa a nan Katsina a wannan tsakanin suke ajiye shi, su ce bai karɓe su ba. Ga yadda ya kamata a bi da shi.

Da farko, likita ne zai rubuta maka, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin gwamnati da ke Daura, ko wanda ke kusa da kai. Kada ka karɓi ragowar na maƙwabci don kawai ya ce shi ma rashin barci ne ya dame shi. In ka zauna gaban likita, zazzage masa komai: hawan jini, ciwon zuciya, farfaɗiya, da duk abin da kake sha, har jiƙo da garin magani. Mace ta faɗa in tana da juna biyu ko tana shayarwa. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci, yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, lallai ya ambata, domin maganin na iya tayar da wannan.

Na biyu, saya a kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Sai lokacin sha. Maganin damuwa iri-iri ne, kamar amitriptyline, fluoxetine da sertraline, kuma kowane da nasa lokacin. Amitriptyline yana sa barci da bushewar baki da taurin bayan gida, shi ya sa ake ba da shi da dare. Haɗa shi da sallar isha'i, ba za ka manta ba. Da asuba kada ka zabura ka miƙe, zauna a bakin gado tukuna, don yakan kawo jiri. Direba da ɗan acaɓa su dakata da tuƙi har su ga yadda jikinsu ya ɗauke shi. Fluoxetine kuwa da safe aka fi sha, saboda yakan hana wasu barci. Shi da sertraline sukan sa tashin zuciya a kwanakin farko, a sha bayan an karya. Sukan kuma rage sha'awa, abin da magidanta ke jin nauyin faɗa, sai su daina sha a ɓoye. Ka ce, "Likita, tun da na fara maganin nan harkar iyali ta ja baya." Ya saba jin haka, kuma akwai wani maganin da zai canza maka. In ka manta na yau, kada ka haɗa biyu gobe. Da azumi, ka tambayi likita ko a mayar da shi sahur ko bayan buɗa baki.

Na huɗu, tramadol haramiyarka ce muddin kana kan wannan magani. Haɗuwarsu na iya jawo zazzaɓi, gumi, karkarwa, ruɗewa, har da jijjiga. Ibuprofen da diclofenac, magungunan ciwon jiki, su ma a tambaya kafin a sha, don tare da fluoxetine ko sertraline suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

'Yan uwa su sa ido a makonnin farko, musamman kan wanda bai kai shekara 25 ba. In ya fara zancen gara ya mutu, ko ya kasa zama wuri ɗaya, a kai shi asibiti a ranar. A irin wannan hali wani babba a gidan ya riƙe maganin, yana miƙa na kullum. Amitriptyline in an sha da yawa yana taɓa zuciya, yana kisa, don haka a kulle shi a durowa nesa da yara, kuma nesa da zafin taga. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da shi, a ci gaba da su.

Mataki na ƙarshe shi ne dainawa, kuma a ganina nan aka fi yin ɓarna. Mutum ya fara cin abinci, ya koma kasuwa, sai dangi su ce, "Ai ka warke, me za ka yi da ƙwaya kuma?" Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, in ba haka ba ciwon yakan dawo. Ba ya sa maye, amma jiki yana sabawa da shi, yanke shi farat ɗaya kan kawo jiri, munanan mafarkai da saurin fushi. Likita ne zai riƙa rage maka kaɗan-kaɗan cikin makonni. In kuɗin saye ne suka gagara, ka koma tun da sauran na mako guda a hannunka, a duba maka mai rahusa.