Kurakuran Da Ke Ninka Mana Kuɗin Ciwon Haƙori A Gombe

Duk wanda ka tambaya me ya hana shi zuwa wajen likitan haƙori, tsada zai ce maka. Kuma yana da gaskiya. Kusan duk abin da likita zai sa maka a baki, tun daga allurar kashe zafi har abin ciko, daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka janye tallafin mai aka saki naira a 2023 farashin kayan bai zauna wuri ɗaya ba. Ga man janareta, don kujerar haƙori ba ta motsi sai da wuta. Sai dai in ka bi sawun abin da mutum ke kashewa daga ranar da haƙori ya fara yi masa tsami zuwa ranar da ya rabu da shi, za ka tarar da yawan kuɗin ba asibiti suka shiga ba. Sun tsiyaye a kemis, a hannun mai magani na bakin tasha, a kuɗin mota, da ranakun da ba a fita nema ba. Abin da aka biya a asibitin kuma, jinkiri ya riga ya ninka shi.

Jira sai ya hana barci

Babbar asarar a nan take, kuma sanin yadda haƙori yake shi ke nuna dalili. Hawa uku gare shi. Ɓawon waje mai tauri ba shi da jijiya, shi ya sa rami zai yi wata da watanni yana cinsa ba ka ji komai ba. Ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan laushi. In ramin ya kai nan, sai ka riƙa jin tsami in ka kurɓi ruwan sanyi ko shayi mai zafi, ya ɗan soka ya saki. Can tsakiya kuma jijiya ce da hanyoyin jini. Muddin rami bai kai tsakiya ba, ciko ne maganinsa: zama ɗaya, a share, a cike, ka tashi ka koma kasuwa. In ya kai, ciko ya wuce. Ko dai a cire haƙorin, ko a yi aikin jijiya, wato a fitar da jijiyar, a wanke saiwar, a toshe ta. Wannan yakan ci zuwa biyu ko uku, da ɗaukar hoto, kuma in turmi ne galibi sai an sa masa hula, wato murfi mai tauri da ke rufe haƙorin, don kada ya tsage wajen tauna. Kuɗin aikin jijiya da hula ya ninka na ciko sau da yawa, ko a asibitin gwamnati ko a na kuɗi.

Akwai wata yaudara da ke cin mutane a nan. Haƙori ya yi kwanaki yana sara kamar kai zai rabe, sai wata safiya ya ɗauke ɗif. Mutum ya ce alhamdu lillahi, maganin nan ya karɓe ni. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun gangara ƙarshen saiwa suna tara mugunya, bayan makonni ko watanni kunci ya haye. Mafi muni in turmin ƙasa ne: kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara. Wannan ba ya jiran gari ya waye, don yana iya toshe numfashi. A daren za a tafi ɗakin gaggawa. Daga nan kuma lissafin ya koma na gado, ƙarin ruwa, allurai da tiyata.

Alamomin lokacin araha ba ɓoyayyu ba ne. Tsamin ruwan sanyi, zaren nama da ke maƙalewa a wuri ɗaya kullum, baƙin ɗigo a kan turmi, jini a bakin asuwaki. Da ganin ɗaya daga ciki a je. Wanda bai ga komai ba ma ya kamata a leƙa masa baki ko sau ɗaya a shekara, manomi bayan kaka tun kuɗin wake na hannu. A riƙa kuma kasa kunne ga rediyo wajen 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, don likitocin haƙori kan fito su duba jama'a kyauta.

Kemis da masu fitar da tsutsa

Mai ciwon haƙori ya tsaya a kemis, a ƙulla masa Ampiclox biyu, Flagyl biyu da maganin zafi, ya haɗiye, ya samu sauƙi. Bayan wata guda ya dawo. Kowane zuwa kuɗin kaɗan ne, shi ya sa ba ya jin fitarsu, amma ya tara na shekara ya gani. Kuma maganin ba zai taɓa warkar da haƙorin ba, don jijiyar da ta mutu jini ba ya shiga cikinta, maganin da aka haɗiya kuwa jini ne ke kai shi inda ake so. Yana rage kumburin kewaye, tushen yana nan. Ga shi shan maganin kashe ƙwayoyin cuta guntu-guntu yana sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske, su kuma irin su diclofenac da ibuprofen, in aka mayar da su abin kullum, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Maganin zafi na tsallake dare ne kafin a isa asibiti.

Danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi ƙona naman yake yi, ya bar farin gyambo. Ruwan batir da fetur kuwa, abin kunya ne a ce har yanzu ana ɗiga su a baki, amma ana yi. Kanumfari ne kaɗai zan ɗaga wa ƙafa: mansa yana kashe zafi da gaske, likitocin haƙori ma suna aiki da sinadarinsa. Ramin dai ba ya cikewa.

Shi kuma mai turara hayaƙi ran kasuwa, ya nuna maka 'yan fararen tsutsotsi a cikin ruwa ya ce daga haƙorinka suka fito: babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya saura a baki, suna fitar da tsami mai narka ɓawon haƙori. Abin da ya nuna maka, da abinsa ya zo.

"Cire shi kawai in huta"

In ka zauna a layin sashen haƙori da safe za ka ji wannan maganar. Dattijo ya shiga, ya tallafe kunci da gefen rawani, bai gama zama ba ya ce, "Likita, don girman Allah cire shi kawai in huta." Likita ya haska fitila, ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya ce, "Baba, wannan zai gyaru, ba sai an cire ba." Dattijo ya ce, "Ɗana, gyaran nawa?" Da ya ji, sai ya girgiza kai ya ce, "A'a, a cire ɗin dai."

Ni ban ga laifinsa ba. Mai iyali goma da bai sayi taki ba, cirewa mai tsabta a asibiti ya fi masa zama da ruɓaɓɓen haƙori nesa ba kusa ba. Kuskuren shi ne ɗaukar cirewa a matsayin mafi araha a kowane hali. Giɓi ba ya zama yadda aka bar shi: haƙoran gefe suna kwantowa ciki, na sama yana saukowa, abinci ya samu sabuwar maɓoya. In daga baya aka so cike giɓin, haƙorin roba mai cirewa shi ne mai sauƙi, gada, wato haƙorin da ake ɗafe wa a jikin na gefe, ta fi shi tsada, dashe a cikin ƙashin muƙamuƙi kuma ya fi ƙarfin yawancinmu. Don haka saurayi ko budurwa da za su yi shekara hamsin suna tauna, haƙorin gaba ko babban turmi ya cancanci a nemo kuɗin gyaransa. Turmin ƙarshe na can ƙurya kuwa, in ya lalace, ba a cika kewarsa ba.

In an yanke a cire, to a cire a inda ake dafa kayan aiki. Mai filaya na gefen hanya yakan karya kan haƙori ya bar saiwa a ciki, tono ta kuma ƙaramar tiyata ce da ta fi cirewar farko tsada. Ƙarfen da ya fito daga bakin wani ba a tsabtace ba yana iya ɗauko ciwon hanta. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a yi allura. Bayan an cire, ranar kada a kuskure baki da ƙarfi, kada a sha taba, kada a riƙa zura harshe; gudan jinin da ya kwanta a gurbin shi ne murfinsa, in ya fita zafin da zai biyo baya ya fi na farko. Washegari a fara kuskurewa a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi.

Shiga aiki ba a san ƙarshensa ba

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka da Asibitin Ƙwararru na jiha duk suna duba haƙori, kuma na gwamnati galibi ya fi na kuɗi sauƙi, sai dai layi. Ko ina ka je, kada kunya ta hana ka tambaya. Kati daban, hoto daban, aiki daban, magani daban. Ka ce a faɗa maka jimilla, zuwa nawa za a yi, wanne ne ba ya jira, wanne zai iya kaiwa wani watan. Wanda ke tahowa daga Nafada ko Dukku, yawan zuwa ma kuɗi ne, ya nemi a haɗa masa abin da zai haɗu a rana ɗaya. Asarar da ta fi ba ni takaici ita ce ta wanda ya biya aka fara masa aikin jijiya, zafi ya tafi, bai koma ba. Cikon wucin gadi ya faɗi, haƙorin ya tsage, ƙarshe aka cire. Ya biya gyara, ya biya cirewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sannan inshora. Tun 2022 akwai dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta tarayya, jiha kuma tana da tata hukumar mai suna GoHealth. Ma'aikata da yawa ana cirar musu kuɗi duk wata, amma haƙori na ciwo sai su zaro daga aljihu, don a zatonsu katin na zazzaɓi ne da haihuwa. A tsarin tarayya, ka'ida ita ce ka fara zuwa asibitin da ka yi rajista, su ba ka takardar turawa sashen haƙori. Wanda ya tsallake ya je kai tsaye yakan biya da kansa. Aikin ƙawa irin su farar da haƙori da dashe ba sa ciki, sauran kuma a tambayi teburin inshora kafin a hau kujera, ba bayan an sauko ba.

Yara, da haƙoran Kaltungo

"Ai na nono ne, zai faɗi." Wajen shekara 6 wani turmi ke fitowa a bayan haƙoran nono ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, amma iyaye kan ɗauka na nono ne, a bar shi ya ruɓe. Abin da ke cinsa kuma yawan maimaita zaƙi ne fiye da yawan zaƙin kansa: alawa yanzu, cingam anjima, lemon kwalba da yamma, shayi mai sukari a kwanta da shi. A haɗa zaƙi da lokacin abinci, a goge baki da makilin safe da dare, a tofar kada a ɗauraye. Asuwaki abu ne mai kyau, a ci gaba da shi, a dai kai shi har turamen ciki.

Yaron da ke fama da tamowa ko ya tashi daga ƙyanda, in aka ga gyambo a dasashinsa da wari mai ƙarfi, kada a tsaya turare da shafe-shafe. Yana iya zama ciwon iska mai cin fuska cikin kwanaki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Da farkonsa magani mai araha ke tsayar da shi. In ya ci kunci sai tiyata, irin wadda ake yi a asibitin da aka keɓe masa a Sakkwato.

A yankin Kaltungo kuma an san haƙora masu ratsin ruwan ƙasa. Ba datti ba ne, ba goro ba ne. Sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse, ya wuce miligiram 1.5 a lita da hukumar lafiyar ta ƙayyade, ya shiga haƙori tun yana haɗuwa a ƙuruciya. Launin a cikin ɓawon yake. Dirza shi da gawayi, toka ko hodar da ake tallatawa a Facebook cinye ɓawon yake yi, ya bar mutum da tsamin da sai an kashe kuɗi. Babba ya nemi shawarar likita. Yaran da ba su kai shekara 8 ba kuwa, ruwan shansu za a sauya in da hali. Tabon goro shi yana fita da wankin haƙori a asibiti. Masu cewa wankin yana sa girgiɗi da giɓi, dattin da ya daskare ne ya riga ya cinye dasashi, da aka ɗauke shi sai ɓarnar ta bayyana.

Sai haɗarin acaɓa. In haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum da saiwarsa, kada a jefar. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. A tsoma shi a madara, ba nono mai tsami ba, a kai wa likita cikin sa'a ɗaya. Sau da yawa ana mayar da shi gurbinsa ya kama. Na nono ne kaɗai ba a mayarwa, don kada a lalata na ƙasansa mai zuwa.