Yadda Ake Gano Ma'anar Kalmomin Yanka a Turanci Daga Tushensu

Yawancin dogayen kalmomin Turanci masu nufin yanka ko tsagawa aro ne daga Latin da Girkanci, kuma tushe 3 ne ke ɗauke da su. Wanda ya riƙe su zai rage wahalar ƙamus.

Da farko ka ɓare ɗafa-goshin kalmar, ka duba abin da ya saura. A dissect, dis- na nufin rarrabawa, sai sect ya rage. Wannan daga secare yake, wato yanka a Latin. Shi ya haifi section da bisect, raba abu biyu, har ma da insect, domin jikin ƙwaro kamar an daddatsa shi yake: kai, ƙirji, ciki.

In kuwa cis ko cide ka gani, to caedere ne na Latin, mai nufin sara, mai kuma nufin kisa. Incision tsagar likita ce, excise yanke abu a fitar, pesticide maganin kashe ƙwari.

Na uku tom, daga Girkanci. Atom, wato ƙwayar zarra, na nufin abin da ba ya yankuwa, ga shi kuma an fasa shi a 1932. Kalmomin tiyata masu wannan tushe suna da saurin rikitarwa, don haka a karanta ɗafa-ƙeyar harafi bayan harafi. Kalmar da ta ƙare da -tomy, tsagawa kawai aka yi, kamar laparotomy, buɗe ciki. Mai -ectomy an cire gaɓar ko wani sashenta, saboda ec da ke ciki (ek a Girkanci) na nufin waje. Mastectomy cire mama ne. Ita -ostomy ba 'yar gidan ba ce sam. Daga stoma take, wato baki: colostomy ƙofa ce da ake buɗe wa babban hanji ta fatar ciki. Harafi biyu ne, ec, tsakanin a tsaga (-tomy) da a cire (-ectomy).

Daga nan sai ka tabbatar a ƙamus mai nuna asalin kalma, irin Oxford ko Merriam-Webster, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Sect mai nufin ɗariƙa daga sequi take, wato bi, ba ruwanta da wuƙa. Scissors daga caedere ta fito ta hanyar Faransanci. Sc ɗin farkonta marubuta ne suka liƙa daga baya, da zaton jinin scindere ce, mai nufin tsagawa.

Gajerun kalmomi irin shear da cleave ba sa bin wannan hanya, tsohon Turanci ne. Cleave ma kalmomi biyu ne suka faɗa rubutu ɗaya, ɗaya tsagawa, ɗaya mannewa, sai jimla ta raba maka gardama.