Jinyar tsoho a gida: yadda za a raba nauyin kada ya danne mutum ɗaya

A gidajenmu, idan tsoho ko tsohuwa suka kwanta, kowa ya san wadda jinya za ta faɗa wa tun kafin asibiti su sallamo. Ko dai 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da bai tashi daga gidan gado ba, ko jikar da ta gama sakandare tana zaman jiran miji. Sauran 'ya'ya kuwa sai waya: "Ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi." Na yi aikin lafiya a matakin farko a cikin birnin Kano har na yi ritaya, na kuma yi jinyar mahaifiyata da ta samu shanyewar ɓarin jiki, to abin da zan faɗa daga ɗakin jinya na kwaso shi. Taimako yana nan a dangi da unguwa, har da ɗan abin da ba a rasa ba a wajen hukuma, amma ba ya zuwa da kansa. Sai an tsara, an kama sunan mutum an ce masa ga abin da zai yi.

Ku fara da zaman 'yan uwa, kuma a yi shi tun majinyaci yana gadon asibiti, lokacin da hankalin kowa yake tashe. In aka bari ya dawo gida ya yi wata guda, tausayi ya huce, kowa ya koma harkarsa. A zaman nan a ajiye kunya a yi maganar kuɗi ɓaro-ɓaro: nawa magani yake ci a wata, nawa famfas na manya, nawa kuɗin mota zuwa asibiti don gashin ƙashi, nawa abinci. Kowane ɗa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk ƙarshen wata, ko da kaɗan ne, domin dubu biyar da ba ta fashi ta fi dubu hamsin da ake jira sai ranar da Yaya ya tuna. Wanda ba shi da kuɗi yana da jiki: ya ɗauki kwana biyu a mako, ko ya zama shi ne mai kai wa asibiti. A sayi littafi ɗaya a ajiye kusa da gado, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, da sunan magunguna da lokacin shansu, da awon jini. Littafin nan ya kashe rigima a gidaje da yawa, saboda zargi kan kuɗin jinya yana raba zumunci tun kafin a kai ga rabon gado. Wanda yake riƙe kuɗi kuma kada ya zama mai jinyar, kada a haɗa mata wankin kashi da amsa tambayar "ina dubu ashirin ɗin da na turo?"

Kafin ku bar asibiti, kada ku karɓi takardar sallama ku kama hanya. Ku tsayar da nas ta nuna wa mutum biyu ko uku a cikinku, hannu da hannu, yadda ake juya majinyaci da yadda ake ɗaga shi ba tare da an ja shi ta hannun da ya shanye ba, don kafaɗa tana gocewa. Wanda ba ya iya motsi da kansa ana juya shi kamar duk awa biyu, a riƙa duba ƙugu da duwawu da dunduniya. Jan tabo ko duhun fata da ba ya gushewa shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma in ya ɓarke ya fi cutar da ta kwantar da shi wahalar magani. Ku tambayi yadda za a ba shi abinci: a zaune, cokali kaɗan-kaɗan, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya ga wanda yake ƙwarewa. Ɗura a kwance tana tura abinci cikin huhu. Ku karɓi ranar komawa sashen gashi, kuma ku roƙi mai gashin ya koya muku motsin da za ku riƙa yi a gida kullum, tunda ba kowa ke da halin zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala sau uku a mako ba. Manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya, wanda yake duba halin masu ƙaramin ƙarfi. Mutane da yawa suna wucewa ta ƙofarsa ba su san aikinsa ba. Ku shiga ku yi bayani.

Abu biyu game da magani, don su na fi gani suna mayar da tsofaffi asibiti. Maganin hawan jini ba a daina shi don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau. Sannan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ana ba tsoho kullum saboda ciwon gwiwa suna cin ciki suna lalata ƙoda. Duk abin da ɗan dubiya ya kawo, na bature ne ko na gargajiya, a nuna wa likita tukuna.

Yanzu unguwa. Kowa zai ce "in akwai abin da za a yi a faɗa mini," kuma yawancinsu da gaske suke, sai dai kunya ta hana mu faɗa. To ku faɗa, amma ƙaramin abu takamaimai. Maƙwabciya ta zauna da Hajiya daga azahar zuwa la'asar ranar Talata don mai jinya ta yi barci. Mai adaidaita sahu na layinku a yi yarjejeniya da shi, a karɓi lambarsa, ya san akwai ranar da za a tashe shi da tsakar dare. Kusan kowace unguwa akwai nas ko ma'aikacin lafiya da ke zaune a ciki. A je a gaishe shi da mutunci, a roƙi ya riƙa leƙowa yana awon jini ko canza robar fitsari, a kuma ba shi wani abu, kada a mayar da shi na banza. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki da bakin ƙofa, kafinta ya huda kujera a sa fo a ƙarƙashi. Tsuguno a masai shi ne inda tsofaffi da yawa suke faɗuwa, kuma karayar ƙugu a shekara tamanin ba ƙaramin abu ba ne. Keken guragu kuma kafin ku saya ku sa liman ya yi cigiya bayan sallah. Sau da yawa akwai wanda yake jingine a wani gida tun bayan rasuwar mai shi.

Dattijo namiji abin da ya fi ci masa rai shi ne rabuwa da masallaci da majalisa. Ku gaya wa abokansa su mayar da hirar la'asar zaurensa ko da sau ɗaya a mako. Tsohuwa kuma 'yan ajinsu na Islamiyya su zo su yi karatun a ɗakinta. Na ga wanda ya ƙi abinci kwana da kwanaki ya karɓi kofin shayi saboda abokinsa ne ya miƙa masa.

Ɓangaren hukuma, gaskiya kada ku ɗora buri da yawa, amma kada ku ƙi nema. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, kuma ta cikinsa jihohi suke yi wa masu rauni, har da tsofaffi, rajistar magani kyauta a asibitocin sha-ka-tafi. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KSCHMA, ce take riƙe da wannan. Guraben ƙayyadaddu ne, don haka ku je asibitin mazaɓarku ku tambayi shugaban wurin yaushe ake rajista, ku tafi da lambar NIN ta majinyaci. In ba shi da ita, a yi masa tun yana iya fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta tanadi asusun masu rauni. A Abuja akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021, sai dai aikinta ya fi karkata ga tsare-tsare da horar da masu kula, ba wurin da za ka je ka karɓo kuɗin magani ba ne. Wadda ta fi kusa da talaka ita ce Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar Kano, kuma takarda daga mai unguwa ko dagaci tana ƙara wa buƙata nauyi. A nan ku lura: ɗa ba ya ba iyayensa zakkarsa, domin ciyar da su wajibinsa ne, amma zakkar maƙwabci ko attajirin unguwa halal ce ga tsoho mabuƙaci, kuma babu abin kunya a sanar da mai fitarwa.

In majinyaci ɗan fansho ne, ku tattara takardunsa wuri ɗaya yau: takardar ɗaukar aiki, ta ritaya, lambar asusu, da layin wayar da ke haɗe da banki. Waɗanda suka yi wa gwamnatin tarayya aiki a tsohon tsari suna ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan su fansho, kuma ana buƙatar su riƙa tabbatar da cewa suna raye, abin da yanzu ake yi ta intanet da hoton fuska. Jika mai waya zai iya yi masa a kan gado. In aka yi sakaci kuɗi ya tsaya, dawo da shi aiki ne.

Akwai kuma gigin tsufa, wanda mutanenmu suka fi yi wa mummunar fahimta. Tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi, ta ce ba a ba ta abinci ba alhali yanzu ta ajiye kwano, ta fita da asuba tana neman gidan ubanta da aka rushe tun tuni. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma sharri take yi wa surukarta ba. Gardama da ita ba ta da amfani. A bi ta da "to Inna, bari a duba," a kawar da hankalinta. A sanar da mai unguwa da masu shagunan layi don in sun gan ta su dawo da ita, a ɗinka lambar waya a jikin mayafinta. Amma rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu daban ce: sau da yawa ciwon sanyin mafitsara ne, ko suga, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a zafin Afrilu da tsoho ba ya jin ƙishirwa. Wannan asibiti za a kai a ranar.

Ita kuma mai jinya, a sa mata ranar hutu a cikin littafin nan kamar yadda aka sa lokacin magani, ranar da za ta fita unguwa, ta je biki ko ta kwanta a wani ɗaki a rufe. A yanka mata wani abu duk wata daga kuɗin da aka tara, kada a ce ai lada take nema; sauran ma suna neman lada kuma suna zuwa kasuwa. In jika ce, kada a cire ta daga makaranta. In kuka ga ta fara yi wa majinyaci tsawa, ko tana kuka ba dalili, ko bayanta ya riƙe, kada a kira taro a karanta mata ayar da ta hana cewa iyaye "tir". Ta san ayar. A aiko wata ta karɓe ta mako guda, a kai ta ita ma a auna jininta.