Yadda ɗalibin injiniya zai ci moriyar SIWES

Kamfanoni kullum kukansu ɗaya ne, wai yaro ya gama digiri amma ko mita bai iya riƙewa ya gwada wuta ba. Dama saboda haka ITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da horar da ma'aikata, ta kawo SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni da masana'antu, tun 1973, amma yawanci logbuk, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum, kawai ake cikawa a sa hannu shikenan.

Tun kana aji uku ka fara duba tallan aikin da kamfanoni ke sakawa, in sibil kake, wato injiniyan gine-gine da tituna, za ka ga AutoCAD, manhajar zane, da Excel, manhajar lissafi, suna ta maimaituwa, in lantarki ne PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta, da haɗa sola, sai ka ɗau ɗaya ka dage kafin wata shidan SIWES na aji huɗu. Wajen neman gurbi kuma don Allah kar ka bi ofis mai AC inda za a maida kai ɗan aiken siyo abinci, gara ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Kakuri inda za ka taɓa inji da hannunka. Liƙe wa teknishan ɗin wurin, riƙe mai sufana, yi ta tambaya ko zai gaji. Matsalar da ka ga tana yawan tsayar musu da aiki kuwa rubuta ta, ita za ka kai wa malaminka a matsayin furojet ɗin aji biyar.