Yadda Ake Kwance Sukurun Teburin Tsohon Injin Milin Idan Ya Cije

Idan ka murɗa hannun teburin injin milin, wato injin da ke sassaƙa ƙarfen da aka ɗaure a kan teburinsa, ka ji ya ƙi motsi, kada ka zura masa bututu don ƙarin ƙarfi. Notin da dogon sukurun ke bi ta cikinsa na tagulla ne, kuma shi zai fara lalacewa. Sau da yawa ma sukurun ba shi da laifi.

Fara da cire wutar injin. Sassauta makullan tebur, ka tabbata giyar da ke tura tebur da kanta ba a haɗe take ba, kuma ƙarafan tsayawa na gaban tebur ba su tokare ba. Wannan aikin minti biyu ne.

In har yanzu shiru, sai a raba gardama: sukuru ne ko tebur? Cire hannaye da marufan ƙarshen tebur biyu inda boris yake, domin sukurun ya rabu da tebur. Sannan ka tura teburin da hannu. Ka yi a hankali, yana da nauyin gaske, kada ya zarce ya faɗo.

Idan ya ƙi tafiya, matsalar tana kan hanyarsa, wato layukan ƙarfen da tebur ke zamewa a kansu. Nemo gib, wato siririn ƙarfen nan mai kauri a gefe ɗaya da ke cike gibi tsakanin tebur da mazauninsa. Wani lokaci bakin da sukurun saiti ke riƙe shi yakan karye, sai gib ya shige ciki ya cije kamar an buga weji. Kwance sukurun saitin, ka ɗora sandar tagulla a siririn ƙarshensa, ka ƙwanƙwasa shi baya kaɗan-kaɗan. Ta ɓangaren mai kauri kuwa ƙara cusa shi za ka yi.

Abin da na fi tararwa shi ne busasshen giris. Tsofaffin injinan milin ƙirar kamfanin Bridgeport suna da kawunan mai masu kama da na giris, sai mutane su yi ta ɗura musu giris shekara da shekaru, ya haɗu da ɓurɓushin ƙarfe ya daskare. Man hanya, wato man da aka yi don layukan da tebur ke zamewa a kai, shi ake zuba musu, mai kaurin ISO 68. Jiƙa wurin da kananzir, bar shi ya kwana, sannan ka motsa gaba da baya.

Idan kuwa tebur na zamewa lafiya, koma kan sukuru. Notin Bridgeport a tsage yake don a rage wasan hannu, wato ɗan juyin da hannu ke yi kafin tebur ya motsa, kuma wanda ya matse shi daidai da tsakiyar sukuru, inda zare ya cinye, zai ga ya cije a ƙarshe inda zaren yake sabo. Sassauta shi, ka sake saiti a ƙarshen, ka haƙura da ɗan wasa a tsakiya. Juya boris da yatsa ka ji ko yana cijewa, sannan ka fitar da sukurun ka mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe. In yana ɗingishi, ya lanƙwashe, gara a sauya shi tare da notinsa.