Yadda ake rubuta tarihin macen da ta share fage a aikin lauya da majalisa

Wanda zai rubuta irin wannan tarihi ya kamata ya fara da tantance kalmar "ta farko", domin a nan ne marubuta suka fi yin tuntuɓe. A ɗauki Clara Campoamor ta ƙasar Sifaniya, wadda aka haifa a Madrid a 1888. Tana cikin matan farko da suka kama aikin lauya a birnin a 1925, amma wata lauya, Victoria Kent, ta riga ta shiga rajista, kuma wanda bai duba kundin ƙungiyar lauyoyi ba zai iya ɗora mata rawanin da ba nata ba.

Daga nan sai a bi shekarun da suka gabaci shahara, a ba su fili sosai. Campoamor ta yi ɗinki tun tana yarinya bayan rasuwar mahaifinta, ta yi aikin tangaraho, ba ta kuma sami digirin lauya ba sai a 1924, tana da shekara 36.

Babban aikin yana cikin kundin muhawarar majalisa, inda ake samun abin da ta faɗa da bakinta. An zaɓe ta a 1931, lokacin da dokar ƙasar ta yarda a zaɓi mace amma ta hana ta jefa ƙuri'a. Ranar 1 ga Oktoba ta tsaya a zauren tana kare 'yancin mata na yin zaɓe, wadda kuma ta tashi ta ja da ita ba kowa ba ce face Kent, wadda ta nemi a jinkirta don tsoron kada limaman coci su juya ƙuri'un matan. A ganina wajibi ne a kawo hujjar Kent cikakkiya, ba tare da an mayar da ita azzaluma ba, sannan a faɗi sakamakon: 161 suka amince, 121 suka ƙi, kuma akasarin 'yan jam'iyyar Campoamor ba su mara mata baya ba.

Kada a rufe littafin a ranar nasara. A zaɓen 1933, wanda mata suka jefa ƙuri'a a cikinsa, ta rasa kujerarta. Ta bar ƙasar a 1936 da ɓarkewar yaƙin basasa, ta kuma rasu a Lausanne ta Suwizalan a 1972 tana gudun hijira. Wasiƙun waɗannan shekaru suna warwatse, don haka a ware wa nemansu lokaci tun daga farko.